Sylvia Pankhurst: Mai Zanen da Ta Sadaukar da Rayuwarta Don Ƙuri'ar Mata

A filin tarihin mashahuran mutane na wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Ingila ne, mu duba rayuwar wata mata mai suna Sylvia Pankhurst. Yawancin waɗanda suka karanta tarihin Turai sun fi jin sunan mahaifiyarta, wato Emmeline Pankhurst, shugabar matan da suka yi gwagwarmayar neman 'yancin jefa ƙuri'a. Amma hotuna da tutoci da lambobin ƙirji da aka yi wannan gwagwarmaya da su, da yawansu daga hannun wannan 'yar tata suka fito. Ga yadda rayuwarta ta kasance.

Asalinta da Karatunta

An haifi Sylvia ranar 5 ga watan Mayu na shekarar 1882 a birnin Mancesta, cibiyar masaƙun auduga ta Ingila. Mahaifinta, Dokta Richard Pankhurst, lauya ne mai ra'ayin talakawa, kuma shi ne ya tsara daftarin dokar ba mata ƙuri'a da aka gabatar wa Majalisar Dokoki a 1870, wanda bai samu shiga ba. Tana da yaya mai suna Christabel da ƙanwa mai suna Adela. Gidansu kullum cike yake da baƙi 'yan siyasa da masu neman sauyi, don haka tun suna ƙanana yaran suka saba da jin muhawara a kan haƙƙin ma'aikata da na mata. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Mahaifin ya rasu a 1898 lokacin tana da shekara 16, bai kuwa bar musu wata dukiya ba. Dole uwar ta kama aikin rajistar haihuwa da mutuwa don ta riƙe gida. Ita Sylvia Allah ya ba ta baiwar zane, saboda haka ta shiga makarantar koyon zane ta Mancesta, inda ta yi fice har ta ci kyautar zuwa ƙaro ilmi a birnin Benis na Italiya a 1902. A 1904 kuma ta ci gurbin karatu kyauta a babbar kwalejin zane ta Landan. A can ta lura cewa mafi yawan guraben tallafin karatu maza ake ware wa, komai ƙoƙarin mace. Ta kai ƙara wurin Keir Hardie, ɗan majalisa mai wakiltar ma'aikata kuma aminin gidansu, shi kuma ya ta da maganar a majalisa.

Kafa Ƙungiya

A 1903 jam'iyyar ma'aikata da mahaifinta ya yi wa hidima ta gina wani zauren taro a Salford don tunawa da shi, aka ba Sylvia aikin ƙawata bangon. Tana cikin aikin sai ta gano cewa reshen jam'iyyar da zai yi amfani da zauren ba ya karɓar mata. Abin ya yi wa iyalin ciwo ƙwarai, ganin cewa an sa wa zauren sunan mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kare haƙƙin mata. Ranar 10 ga Oktoba na wannan shekara Emmeline ta tara wasu mata a gidanta suka kafa Ƙungiyar Mata ta Zamantakewa da Siyasa, wadda aka fi sani da WSPU. Manufarsu ita ce a daina dogon surutu a koma ga aiki.

Ya kamata mai karatu ya san halin da ake ciki a lokacin. Ƙasar New Zealand ta riga ta ba mata ƙuri'a tun 1893, amma a Ingila an shafe kusan shekara 40 ana kai takardun koke majalisa ba tare da biyan bukata ba. Mace na iya mallakar gida, ta biya haraji, ta zama likita, amma ba ta da ikon zaɓen ɗan majalisar da zai yi dokar da za ta hau kanta. Su kansu mazan ba duka ke zaɓe ba, domin kimanin kashi 40 cikin 100 ba su cika sharaɗin mallaka ko na mazauni ba.

A watan Oktoba na 1905 Christabel da wata ma'aikaciyar masaƙa mai suna Annie Kenney suka katse wani babban taron jam'iyyar Liberal a Mancesta da tambayar ko za a ba mata ƙuri'a. Aka fitar da su, aka ci su tara, suka ƙi biya, aka ɗaure su. Jaridu suka ɗauka, ƙungiyar ta yi suna dare ɗaya. Bayan shekara guda ita ma Sylvia ta yi zaman kurkuku na farko, kwana 14 a gidan yarin mata na Holloway.

Yaƙin Hotuna

A wancan zamani babu gidan rediyo, babu talabijin. Wanda ke son saƙonsa ya isa ga jama'a sai ya dogara da jarida, da fosta a bango, da katin da ake aikawa ta gidan waya, da jerin gwano a titi. To, a nan ne fa baiwar Sylvia ta yi rana. Ita ta zana katin shaidar zama 'yar ƙungiya, mai hoton mata ma'aikata riƙe da tuta. Ita ta ƙirƙiro tambarin ƙungiyar, siffar mace mai fukafukai tana busa ƙaho, wanda aka riƙa bugawa a littattafai da tutoci har da kofunan shayi.

A 1907 ta ɗauki kayan zanenta ta zagaya arewacin Ingila da Sikotilan tana zana mata a bakin aikinsu: masu ginin tukwane da faranti, masu ɗinkin takalma, masu tsintar gawayi a bakin ramin haƙar kwal, masu gyaran kifi, da ma'aikatan masaƙa. Ta kuma rubuta abin da ake biyansu da yadda yake ƙasa da na maza. Wannan tafiya ce ta dasa mata ra'ayin da ta rayu a kansa, wato cewa matar da ta fi bukatar ƙuri'a ita ce matar talaka.

A 1908 Emmeline Pethick-Lawrence, ma'ajiyar ƙungiyar, ta zaɓa musu launuka uku: shunayya alamar mutunci, fari alamar tsarki, kore alamar fata nagari. Ranar 21 ga Yuni na shekarar suka yi gangami a filin Hyde Park na Landan, jerin gwano bakwai suka haɗu daga sassan birnin, dubban ɗaruruwan mutane suka hallara. Daga nan launukan suka bazu, har 'yan kasuwa suka shiga sayar da ɗankwali da huluna da kayan ado masu launin. Ƙungiyar ta buɗe kantunanta, tana sayar da jaridarta mai suna Votes for Women, da katuna, da wani wasan dara na yara da manya wanda ke nuna tafiyar mace daga gidanta zuwa majalisa duk da tarnaƙin Firayim Minista Asquith.

A watan Mayu na 1909 aka yi babban baje kolin mata a Landan, Sylvia da abokan karatunta suka zana manyan kyallaye masu tsawon ƙafa 20 suka rufe bangon zauren da su. An tara fiye da fam 5,000 a wannan biki. A shekarar ce kuma ta tsara wata lambar ƙirji ta azurfa da ake ba duk matar da ta fito daga kurkuku. Ta haɗa siffar ƙofar ƙarfe da ke tambarin majalisa da kan kibiyar da ake bugawa a rigar fursuna, ta sa wa kibiyar launukan ƙungiya. Abin da hukuma ta yi don kunyata mace sai ya koma abin da ake maƙalawa a ƙirji ana alfahari.

Akwai wasu masu zanen da suka ba da gudummawa. An kafa ƙungiyoyin masu zane guda biyu, ɗaya a 1907 ɗaya a 1909, don buga fostoci masu araha. Ɗaya daga cikin fitattun fostocinsu ta jera hotuna sahu biyu. A sama ga mace magajiyar gari, da ma'aikaciyar jinya, da uwa, da likita, da ma'aikaciyar masana'anta, duk ba su da ƙuri'a. A ƙasa ga tsohon fursuna da mashayi da makamantansu, kowa da ƙuri'arsa. Ko wanda bai iya karatu ba ya gane saƙon.

Masu Adawa da Hujjojinsu

Kada a ɗauka cewa ɗaya ɓangaren ya naɗe hannu. A watan Yuli na 1908 aka kafa ƙungiyar mata masu adawa da ba mata ƙuri'a, kuma cikin jagororinta har da shahararriyar marubuciya Mary Ward. Suna da mujallarsu ta wata-wata, sun kuma tara sa hannun mutane fiye da 300,000 a takardar koke. A 1910 suka haɗe da takwararta ta maza a ƙarƙashin Lord Cromer, wanda ya daɗe yana juya mulkin Masar, daga baya Lord Curzon, tsohon wakilin Sarauniya a Indiya, ya karɓi ragama.

Hujjojinsu sun haɗa da cewa doka da ƙarfin damtse ake tsare ta, kuma tun da mata ba sa zuwa yaƙi bai kamata su yanke shawarar yaƙi ba. Sun ce ƙasashen da Ingila ke mulka za su raina gwamnatin da mata suka zaɓa. Sun ce miji ya riga ya wakilci matarsa, kuma siyasa za ta raba kan gida. Wasunsu, irin su Mary Ward, sun yarda mace ta yi ilmi mai zurfi, ta kuma shiga harkar ƙananan hukumomi da makarantu, majalisar ƙasa ce kawai suke ganin ba hurumin mace ba ce.

Fostocinsu kuwa tsoro suke sa wa magidanci. Fitacciyar cikinsu, wadda John Hassall ya zana a 1912, ta nuna ma'aikaci ya dawo gida a gajiye ya tarar da yara suna kuka, ɗaki kaca-kaca, uwargida ta tafi taron siyasa. Ban da wannan, masu buga katuna don kasuwa sun cika gari da hotunan ba'a: miji na wanki da reno matarsa na shirin fita, ko a zana mai neman ƙuri'a a matsayin tsohuwar da ta rasa mijin aure, mai manyan haƙora da laima a hannu. Manufar ita ce a sa duk macen da ke tunanin shiga ƙungiyar ta ji kunyar a gan ta. Wannan ne ma ya sa shugabannin WSPU suka nace wa mabiyansu su riƙa fita jerin gwano cikin fararen kaya da ado mai tsabta, don a ƙaryata hoton da ido.

Rabuwa da Uwa da Yaya

Tun daga 1909 fursunonin ƙungiyar suka fara yajin cin abinci, hukuma kuma ta shiga yi musu ɗura da ƙarfi, a danne mace a zura mata roba ta hanci ko ta baki. Daga 1912 Christabel, wadda ta gudu Faris, ta juya akalar ƙungiyar zuwa fasa tagogi da ƙona gine-ginen da ba kowa a ciki. Sylvia ba ta gamsu da ƙone-ƙonen ba, ba ta kuma gamsu da yadda ƙungiyar ta koma hannun matan masu hali ba. Sai ta tattara ta koma unguwar Bow a gabashin Landan, inda talakawa da 'yan dako suke, ta buɗe ofis a wani tsohon shagon burodi.

Wannan bai sa ta guje wa wahala ba. Tsakanin farkon 1913 da tsakiyar 1914 an kama ta sau takwas. An yi mata ɗura, ita kuma ta ƙara da ƙin shan ruwa da ƙin barci. A 1913 gwamnati ta yi wata doka wadda jama'a suka laƙaba wa sunan dokar kyanwa da ɓera: idan fursuna ta galabaita a sake ta, da ta farfaɗo a sake kama ta. WSPU ta fitar da fosta mai hoton ƙatuwar kyanwa da mace a bakinta. Mutanen Bow kuwa suka riƙa ɓoye Sylvia a gidajensu, suna kai ta wurin taro a kan gadon ɗaukar marasa lafiya.

A watan Nuwamba na 1913 ta hau mumbari a Landan ta goyi bayan ma'aikatan Dublin da aka kora daga aiki. Uwarta da yayarta suka ga ta saɓa wa tsarin ƙungiya na nisantar jam'iyyun maza. A Janairun 1914 aka kira ta Faris aka sanar da ita cewa an raba gari. Ita kuwa ta ci gaba da ƙungiyarta ta gabashin Landan, ta kuma fara buga jarida mai suna Woman's Dreadnought.

A watan Yuni na 1914, bayan fitowarta daga wani yajin, ta sa aka ɗauke ta aka ajiye a ƙofar majalisa, ta yi alkawarin ba ci ba sha har sai Firayim Minista ya saurari matan unguwarta. Asquith, wanda ya daɗe yana ƙin ganin masu neman ƙuri'a, ya amince. Ranar 20 ga watan mata shida 'yan aikin ƙarfi suka zauna da shi suka bayyana masa abin da suke samu da yadda suke ciyar da 'ya'yansu. Amsar da ya ba su ta fi duk wadda ya taɓa bayarwa sassauci.

Yaƙin Duniya da Samun Ƙuri'a

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a Agustan 1914, Emmeline da Christabel suka dakatar da gwagwarmaya suka koma kiran samari su shiga soja. Sylvia ta yi adawa da yaƙin a fili. Ganin yadda yunwa ta addabi iyalan da mazansu suka tafi fagen fama, ta buɗe wuraren raba wa jarirai madara, da gidajen abinci masu sayarwa a kan kuɗin da aka kashe kawai, da masana'antar kayan wasan yara don mata su samu aiki. Ta kuma karɓi wata tsohuwar mashaya ta mai da ita gidan reno da duba lafiyar uwa da ɗa.

A 1918 majalisa ta ba matan da suka kai shekara 30 kuma suka cika sharaɗin mallaka ƙuri'a, su fiye da miliyan 8. Lord Curzon da kansa, duk da yana shugaban masu adawa, bai jefa ƙuri'ar ƙin amincewa ba, ƙungiyarsu kuma ta watse. Sylvia ba ta yi wata murna ba, domin yawancin 'yan matan da suka yi aiki a masana'antun makamai an bar su a baya. Sai a 1928 aka daidaita mata da maza a kan shekara 21. Emmeline ta rasu ranar 14 ga Yuni na shekarar, makonni kaɗan kafin a sa wa dokar hannu.

Uwa da 'ya ba su shirya ba har mutuwa ta raba. Sylvia ta rungumi ra'ayin gurguzu, ta je Mosko a 1920 ta gana da Lenin, aka yanke mata hukuncin ɗaurin wata shida saboda rubuce-rubucen jaridarta, sannan jam'iyyar gurguzu ta Ingila ta kore ta a 1921 don ta ƙi miƙa mata jaridar. Uwar kuwa ta koma jam'iyyar masu ra'ayin riƙau. Abin da ya ƙarasa ɓata tsakaninsu shi ne haihuwar ɗan Sylvia, Richard, a 1927, wanda ta haifa da wani ɗan jaridar Italiya mai gudun hijira, Silvio Corio, ba tare da ɗaurin aure ba. Uwar ba ta sake yi mata magana ba.

Habasha

Da sojojin Mussolini suka mamaye Habasha a watan Oktoba na 1935, suna amfani da iskar guba, manyan ƙasashen Turai suka kau da kai. Sylvia ta dawo da dabarun da ta koya a yaƙin ƙuri'a: jarida, hotuna, tarurruka, da wasiƙu ga 'yan majalisa ba ƙaƙƙautawa. A watan Mayu na 1936 ta fara buga New Times and Ethiopia News kowane mako, ta riƙe ta shekara 20. Ta tsaya wa Sarki Haile Selassie lokacin da yake gudun hijira a Ingila. Bayan an kori Italiya a 1941 kuma, ta juya kan gwamnatin ƙasarta don kada ta maye gurbin Italiya a Habasha. Ta tara kuɗin gina asibiti a Adis Ababa don tunawa da Gimbiya Tsehai, 'yar sarkin wadda ta koyi aikin jinya, ta kuma wallafa babban littafi kan tarihin al'adun Habasha a 1955.

A 1956 ta ƙaura Adis Ababa tare da ɗanta bisa gayyatar sarki. A can ta rasu ranar 27 ga Satumba na 1960 tana da shekara 78. An yi mata jana'izar ban girma ta ƙasa, aka binne ta a harabar babban cocin birnin, a sashen da aka keɓe wa waɗanda suka kare ƙasar. Ɗanta Richard ya zama babban masanin tarihin Habasha har rasuwarsa a 2017.

Abin Lura Gare Mu

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Matan kudancin Nijeriya sun yi zaɓen tarayya na 1959, amma matan Arewa sai a 1976 aka ba su wannan dama, suka kuma jefa ƙuri'a a babban zaɓen 1979. Kafin nan Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha ɗauri da duka a kan wannan bukata, kuma wasu hujjojin da aka kafa mata sun yi kama da waɗanda aka kafa wa Sylvia. Da yawa daga cikinmu iyayenmu mata sun girma ba su da katin zaɓe.

Mutum na iya ƙin wasu ra'ayoyin Sylvia, ko ya ƙi yadda ta tafiyar da rayuwarta ta gida, amma da wuya a musanta cewa ta ajiye sana'ar zanen da za ta iya yi mata suna da kuɗi, ta zauna cikin talakawa, ta biya da lafiyarta da zumuncin iyalinta. Kayan da ta zana suna nan a gidajen tarihi na Landan, tare da fostocin abokan adawarta, ana nuna wa 'yan makaranta. Mu kuma da muka samu ilmi, abin da ya rage mana shi ne mu tabbatar matanmu da 'ya'yanmu mata sun yanki katin zaɓe, sun san darajarsa, ba su kuma sayar da shi a kan sabulu ko turmin atamfa ba.